Daga garmaho zuwa memori: ina sunayen makaɗanmu suka shiga?

Yau a kan kiɗa da waƙa za mu tattauna, amma ta wani ɓangare da ba a cika waiwaya ba.

Duk wanda ya taɓa karɓar wayar abokinsa a fada ya buɗe wurin waƙoƙi, ya san abin da ake tararwa. Waƙa ɗari biyar, wani ma dubu, amma rabinsu sunan mai su ɗaya ne: "Artiste inconnu", wato ba a san mai ita ba. Wata an sa mata lamba kawai, wata kuma AUD da dogon jerin lambobi irin yadda WhatsApp ke raɗa wa duk abin da aka turo. Inda ya kamata a ga hoton mawaƙi sai a ga fili, ko a ga wani saurayi da tabarau, lambar wayarsa a ƙasa. Muryar kuwa ta wani dattijo ce da ya yi shekara talatin da rasuwa. Waƙar ta iso gare mu lafiya, sunanta da fuskarta ne suka faɗi a hanya. Kuma ba jiya suka fara faɗuwa ba.

Mu koma zamanin garmaho. Faifan farko, mai juyawa sau 78 a minti, abin da yake ɗauka a kowace fuska bai wuce minti uku zuwa huɗu ba. A cikin takarda marar ado ake saida shi, da huda a tsakiya don a ga ɗan rubutun da ke jikin faifan. In waƙa ta yi tsawo sai a raba ta kan faifai da yawa, a jera su cikin wani littafi mai aljihuna kamar na ajiyar hotuna, daga nan ne kalmar albam ta shigo harkar kiɗa. A 1940 wani mai zane na kamfanin Columbia a Amurka, Alex Steinweiss, ya fara yi wa bangon wannan littafi zane na musamman, ciniki ya ƙaru, sauran kamfanoni suka bi. Da babban faifai ya fito a 1948, mai ɗaukar minti ashirin da wani abu a fuska guda, sai kwalinsa ya zama fili mai faɗin santimita 31: hoto a gaba, a baya kuma sunayen waƙoƙi, da na makaɗa, da wurin ɗauka, da shekara.

Irin wannan faifai ya taɓa kiɗan ƙasarmu. A farkon shekarun 1960 kamfanin Ocora na gidan radiyon Faransa ya aiko mutanensa, irin su Charles Duvelle da Tolia Nikiprowetzky, suka zagaya Nijar da na'urar ɗaukar murya, aka buga faifai a Faris da hotuna da dogon bayani. A Zariya ma, David Ames ya yi irin wannan aiki a kan kiɗan Hausa. Sai dai waɗannan faifai ba don kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram aka yi su ba. Masana da ɗakunan karatu na Turai suka saye, can suke har yau. Wanda ya fi shigowa hannun mutanenmu shi ne na Najeriya, irin na Mamman Shata da kamfanin EMI ya buga, shi ma sai gidan mai hali.

Talaka radiyo ya sani. An buɗe Radiyo Nijar a 1958, daga baya ya zama Muryar Sahel. A can ake ɗaukar makaɗa a kan babban zare mai naɗi, a sa shi cikin kwali, a rubuta suna da kwanan wata a jiki. Mai sauraro a ƙauye ba ya ganin kwalin, mai gabatar da shiri ne kwalinsa: shi zai ce ga waƙar wane, daga gari kaza. Ranar da ya manta bai faɗa ba, shi ke nan.

A nan akwai wani abu da ya cece mu, wanda ya kamata mu yaba wa makaɗan da. Makaɗin Hausa yakan sa shaidarsa a cikin waƙar kanta. Zai ambaci sunansa, ya yi wa kansa kirari, ya faɗi ubangidansa da garin da yake sarauta, ya jero waɗanda suka yi mishi kyauta. Shi ya sa ko an kawo maka waƙar Narambaɗa ko ta Ɗanƙwairo ko ta Ma'azu Ɗan Alalo na Damagaram ba rubutu ko ɗaya, in ka saurara da kyau za ka kama bakin zaren. Amma waƙa ba ta faɗin shekarar da aka ɗauke ta. Ba ta cika faɗin wa ke riƙe da kalangu ko kotso ba, ƴan amshi kuwa sai wanda maigida ya ga damar ambata. Waƙoƙin samariya na zamanin Seyni Kunce, waɗanda ƙungiyoyin jihohi ke zuwa da su bukin matasa na ƙasa, su abin ya fi shafa, don waƙar taro ce: wa ya tsara ta, wace yarinya ce ta ba da waƙa, ƙungiyar wane gari ce, duk a kan kwali kaɗai suke, in ma an rubuta.

Sai kaset ya zo. Kamfanin Philips na Holan ya fito da shi a 1963, ya bazu a wajenmu cikin shekarun 1970 da 1980, tare da rikoda mai cin pil wadda ƴan ci-rani ke dawowa da ita. Babu abin da ya yi wa kiɗanmu hidima kamar kaset, wannan gaskiya ce. Ba sai ka je Legas ko Faris ba. A gidan buki, a filin kokowa, a dandalin dambe, mutum ya aje rikodarsa gaban makaɗi ya danna jan maɓalli, waƙa ta samu. Mai shago a kasuwa ya haɗa rikoda biyu, ya yi ta kwafa daga uwa zuwa ƴaƴa. Zare ya fita, a sa bik a naɗe shi. Ya tsinke, a liƙa.

To amma kowace kwafa tana cin wani abu. Murya na ƙara dusashewa, shuuu ɗin nan na ƙaruwa, kwali kuma na ƙanƙancewa. Daga santimita 31 aka dawo ƴar takarda da ba ta kai tafin hannu ba. Na asali yana da hoto mai launi, na biyu hoton na'urar kwafi ne baƙi da fari, na uku kuwa bik ne kawai: "Shata", ko "Ɗan Anace dambe", ko ma sunan mai kaset ɗin don kada a ɗauke mishi. Sau da yawa a kan wa'azi ko wasiƙar murya ta ɗan ci-rani ake sake naɗar waƙa, rubutun jiki yana faɗin wani abu, cikin yana faɗin wani.

Labarin Mamman Sani ya isa misali. Wannan bawan Allah ya samu molon Turawa mai lantarki, wato organ, a 1974. A 1978 ya shiga ɗakin ɗaukar murya na gidan radiyon ƙasa a Yamai ya naɗi kiɗansa, aka fitar da shi a kaset, amma kaɗan ƙwarai aka buga. Shekara da shekaru radiyo da tele suna sa kiɗan nan tsakanin shiri da shiri. Kusan duk wanda ya girma a Nijar a lokacin kunnensa ya san shi, amma tambayi mutum goma wa ya kaɗa, ka ga ko nawa za su amsa. Sai a 2013 wani ƙaramin kamfani na Amurka, Sahel Sounds, ya sake buga shi a kan faifai da sunansa da hotonsa, duniya ta san shi, mu ma da yawanmu a lokacin muka haɗa kiɗan da mai shi. Ɗaya daga cikin kaset ɗin nan ƙalilan da ya tsira da kwalinsa shi ya buɗe wannan hanya.

Yanzu mu leƙa abin da ke faruwa a waje a daidai wannan lokaci, don shi ya haifi wayar da ke hannunmu. Tun 1889 aka kafa a San Faransisko wata na'ura da ake jefa wa kwabo ta yi waƙa. Ita ce ta girma ta zama akwatin nan mai fitilu na gidajen shaƙatawa a Amurka, wanda suke kira jukbos: faifai jere a ciki, sunayensu a rubuce a gaba, ka zaɓa ka danna. Faifan CD ya fito a 1982. Masana a cibiyar Fraunhofer ta Jamus suka jagoranci ƙirƙiro MP3, dabarar matse waƙa ta koma kusan kashi ɗaya cikin goma na nauyinta, minti guda ya zama wajen megabait guda. Daga nan mutane suka shiga juye faifansu cikin kwamfuta, sai aka buƙaci manhajar da za ta yi aikin wancan akwati. Winamp ta fito a 1997, akwai MusicMatch Jukebox wadda ta ɗauki sunan kai tsaye, iTunes kuma ta zo a 2001.

Manhaja ba ta da kunne. Ba ta san muryar kowa ba, abin da aka rubuta mata take karantawa. Don haka a 1996 aka ƙirƙiro wata ƴar takardar shaida da ake liƙa wa fayil ɗin waƙa daga ƙarshe, sunanta ID3. Ƙarama ce ainun: harafi 30 don sunan waƙa, 30 don mawaƙi, 30 don albam, gurbi huɗu don shekara, sai nau'in kiɗa da za ka zaɓa cikin jerin guda 80. Ba sai mun faɗa muku ba, babu kalangu a jerin, babu gurmi, babu goge. A 1998 aka faɗaɗa ta, ta iya ɗaukar dogon rubutu har da hoto a cikin fayil ɗin. Wato kwalin da ya faro daga santimita 31 ya koma ɗan hoto a cikin cikin waƙar. A 2006 iTunes ta kawo salon jera waɗannan hotuna a fuskar kwamfuta kana buɗawa kamar mai duba faifai a shago.

Bature bai sha wahalar rubuta duk wannan da hannu ba. Akwai rumbu a intanet, CDDB, wanda ke gane faifan CD ta yawan waƙoƙinsa da tsawon kowace, ya turo sunayen nan take. Daga baya MusicBrainz ta zo, wadda ƴan sa-kai ke cikawa. Sirrin dai ɗaya ne: sai wani ya riga ya zauna ya shigar da bayanin. Kaset ɗin da aka naɗa a gidan buki a Tasawa ko Madawa, wa ya shigar da shi? Shi ya sa in ka ɗora wa irin waɗannan manhajoji tsohon kiɗanmu sukan yi shiru, ko su laƙa mishi sunan wani baƙo da hotonsa, wanda ya fi shirun muni.

Mu ba mu daɗe a kan CD ba. Wayar salula ta shigo a farkon shekarun 2000, ba a jima ba masu ɗaukar memori da Bluetooth suka cika kasuwa, sana'ar masu tura waƙa ta kafu: tebur, kwamfuta, lasifika, ka ba da ƴan dalolinka a cika maka. Su ne suka juye dubban kaset zuwa MP3, ba wanda ya sa su, ba wanda ya biya su don adana tarihi. Muna ganin ba a yi musu adalci in aka tsaya ga zarginsu kawai, don da ba su ba, waƙoƙi da yawa da sun tafi tare da zarensu. Amma kuma su ne suka maida gurbin hoton mawaƙi allon talla, suka goge sunan waƙa suka sa na shagonsu. Shafukan intanet masu raba waƙoƙi suka ɗora daga nan.

Wani ɗan jihar Tawa ya ga amfanin wannan hanya da kuma illarta. Mdou Moctar ya je Sakkwato a 2008 ya naɗi waƙoƙinsa na Tamashek da salon sutudiyon waƙoƙin fim ɗin Hausa. Ba a buga su a faifai ba, daga waya zuwa waya suka bi har arewacin Mali. A Kidal ne Christopher Kirkley, mai Sahel Sounds ɗin nan, ya kwafi ɗaya daga memorin mutane. Da ya tashi fitar da tarin waƙoƙin wayoyin Sahara a 2011, sai da ya sha neman masu su ɗaya bayan ɗaya don a biya su haƙƙinsu, saboda abin da ke jikin fayil ɗin bai taka kara ya karya ba. An dace an samu Mdou, yau ga shi yana zagaya duniya da gitarsa. Waɗanda ba a samu ba fa? Hukumar kare haƙƙin mawallafa, BNDA, ko ta so ta bi wa mutum haƙƙinsa, ba ta iya bin na waƙar da ba ta da suna. Magada ma haka.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne zaren kansa yana da ajali. Zafi na cin sa, laima na sa mishi fumfuna, ƙura na goge shi, kwalin kuma abincin gara ne, ga ambaliyar da ke shiga gidaje kusan kowace damina. Na'urorin ma sun ƙare, an daina ƙera masu kyau, masu gyaransu suna tsufa. A 2019 UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti ta duniya, IASA, sun yi shelar cewa wajen 2025 samun na'urar karanta zare zai yi wuya ƙwarai. Ana iya yin aikin in an sa kai. A Gini, wani masani ɗan Ostareliya, Graeme Counsel, ya zauna a rumbun gidan radiyon ƙasar a Konakiri tsakanin 2008 da 2013 da tallafin babban ɗakin karatu na Birtaniya, ya juye zare 1,269, waƙa 9,410, yana bin kowace da sunanta da na ƙungiyar da ta yi ta. Mu ma muna da inda irin wannan dukiya take: Muryar Sahel da tashoshinta na jihohi, IRSH, CELHTO da aka kafa a Yamai tun 1968, cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM Taya inda marigayi Malam Maman Barka ya yi aiki, da gidajen radiyo masu zaman kansu irin su Anfani. Amma kaso mai yawa ba ya ko ɗaya daga cikinsu. Yana cikin kwali a ƙarƙashin gado, ko a shagon tsohon mai saida kaset da ya koma saida caja.

Masu wannan aiki sun daɗe da gano cewa juye muryar shi ne mai sauƙi, ko da yake yana cin lokaci. Kaset mai minti 90 sai ya ci minti 90, ba gajeriyar hanya. A goge kan rikoda, a haɗa ta da kwamfuta da waya, ba a kanga salula a bakin lasifika ba, a ɗauka da manhaja irin Audacity wadda kyauta ce. Uwar a aje ta a WAV ko FLAC yadda ba a matse ta ba, ko da ta kai megabait goma a minti, MP3 kuwa a cire daga jikinta don yawo a waya. A aje a wuri biyu aƙalla, don kwamfuta ma tana mutuwa. Shi kansa ɗakin karatun Birtaniya, da ƴan kutse suka afka mishi a 2023, an daɗe ba a iya kaiwa ga abubuwa da yawa nasa ta intanet.

Wahalar tana wajen kwali da suna. Kafin a taɓa zare, a ɗauki hoton kwalin gaba da baya da ciki, da kaset ɗin kansa fuska biyu, har da rubutun bik da tambarin shagon da ya kwafa, don wannan tambari ne wata rana zai nuna garin da kaset ya fito. Hoton gaba a saka shi cikin kowane fayil da manhaja irin Mp3tag, saboda wanda aka aje a gefe cikin jaka ba ya bin waƙa in an tura ta. Babban hoton na asali kuma a adana shi daban. In kaset ba shi da kwali sam, hotonsa shi kansa ya wadatar, ya fi a je intanet a ɗauko fuskar wani dattijo mai rawani a manna, gobe yara su ɗauka shi ne.

Sai matsalar da ta keɓanta da mu, ta rubutun suna. Makaɗin nan na Tawa da ake gasar kiɗa da sunansa, a takardun gwamnati Dan Gourmou ne, a Hausar boko Ɗan Gurmu. Ma'azu a wani wuri Maazou ne, Sa'adu Bori na Maraɗi kuma a kan faifansa na Turai Saadou Bori. Mu mun san mutum ɗaya ne, manhaja kuwa za ta raba shi gida biyu ko uku, waƙoƙinsa su watse. Tsofaffin rediyon mota da ƙananan wayoyi ma ba su san ƙ da ɗ da ɓ ba, sai su nuna alamar tambaya a gurbinsu. Dabarar da ta fi ita ce mai tarin ya tsaida rubutu ɗaya ya bi shi ko'ina, ɗayan kuma ya sa shi a gurbin ƙarin bayani, sunan fayil ɗin kansa ya bar shi da haruffa marasa lanƙwasa.

Gurbin shekara shi ya fi jan mutum ga ƙarya, don ba a son a bar shi fili. Sau da yawa abin da ake gani a wurin shekarar da aka juye waƙar ce, har ka tarar da waƙar Shata ɗauke da 2015, alhali ya rasu tun 1999. In ba a sani ba a bar gurbin haka nan, a rubuta a bayani abin da aka tabbatar: an saye shi a kasuwa kaza, wajen shekara kaza, a hannun wane. Sauran kuma a kunna wa tsofaffin ma'aikatan radiyo, da masu saida kaset na da, da ƴan amshin da suka rage, da iyayenmu mata da suka yi rawar a dandali. Sarkin da aka ambata a waƙar, an san shekarun sarautarsa. Ɗan kokowar da aka wasa, an san lokacin da ya ɗauki takobi. Abin da suka faɗa a rubuta shi tare da sunan wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa.